Gidan gado a tsohon garin Agadas: me ya sa sai da izini za a taɓa gini?

Tambaya: “Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a tsohon garin Agadas, cikin unguwar Amarewat. Ginin ƙasa ne tun na kakanni. Ruwan bara ya cinye gindin bangon gabas, soro ɗaya kuma ya fara yoyo. Ni ne babba a cikin magada, ina kasuwanci a Arlit. Niyyata in rushe ɓangaren da ke bakin hanya in tayar da shi da bulo da siminti, in fitar da shaguna biyu, in ɗora bene a sama. Da na fara maganar sai aka ce mini ba a taɓa gini a nan sai da izini, wai garin ya zama na UNESCO. To Malam, gidan ubana ne ko na UNESCO? Wace doka ce wannan, kuma ina mafita ga irina?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya haɗa kanku a kan abin da ya bari.

Idan na fahimce ka, ɗan'uwa, kana son ka san wa ke da iko da gidan, wa ya ba hukuma hurumin sa baki a cikinsa, sannan ko akwai hanyar da za ka samu shagunanka da ƙarin ɗakuna ba tare da ka yi karo da kowa ba. Tambayar farko amsarta gajeriya ce: gida naku ne, kai da sauran magada. UNESCO, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ba ta da takardar mallakar ko taku ɗaya a Agadas, ba ta da ɗan sanda, ba ta da kotu. Amma fuskar gidan da ke kallon hanya, da tsayinsa, da abin da aka gina shi da shi, waɗannan akwai dokar ƙasar Nijar da ta gari a kansu. Shirin da ka zayyana kuwa, rushewa da bulo da bene, ya taɓo daidai wuraren da dokar ta fi sa wa ido. Wannan ba ya nufin an rufe maka ƙofa. Aikina zanen gine-gine ne, kuma na daɗe ina aiki da maginan ƙasa. Abin da na sha gani shi ne yawancin abin da mai gida yake buƙata yana samuwa, sai dai ba da siffar da ya fara zo da ita ba.

Daga ina dokar ta fito?

A shekarar 2013 aka shigar da tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO. Gwamnatin Nijar ce ta nema da kanta, domin haka tsarin yake tun yarjejeniyar 1972 da ta kafa wannan jeri: ƙasa ce take gabatar da wurinta, ita ce kuma take ɗaukar alkawarin kare shi da dokokinta. Yankin da aka shata ya kai kusan hekta 78, an kuma kewaye shi da wani yanki na kariya mai kusan hekta 98. A ciki akwai unguwanni 11, irin su Katanga inda fadar Sarkin Abzin take, da Amdit, da Obitara, da taku Amarewat.

Mutane da yawa suna ɗauka hasumiyar babban masallaci kaɗai aka karrama. Lallai ita ce alamar gari: tsayinta mita 27, dukkanta ginin ƙasa ce, kuma babu hasumiyar ƙasa da ta kai ta a duniya. Amma abin da aka shigar cikin jerin ya haɗa da garin kansa, wato lungunan da suke karkacewa bisa iyakokin zangon ƙabilun Abzinawa tun ƙarni na 15 da na 16, da gidajen mutane, da ƙofofinsu da dakalansu da adon cikin ɗakuna. Nan ne bambancin yake. Kare gini ɗaya abu ne mai sauƙi, a sa masa mai gadi a yi masa yaɓe. A Najeriya dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta fi karkata ga wannan, irin Gidan Makama da ganuwar Kano. Kare unguwa kuwa dole ya shiga gidan kowa, domin unguwa ba komai ba ce illa gidajen mutane a jere. Idan kowa ya rushe nasa ya tayar da bulo, hasumiya za ta tsaya, amma tsohon gari ya tafi.

Ta fuskar takarda, tushen shi ne dokar Nijar mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan tarihi da al'adun ƙasa. Daga baya aka yi ƙa'idojin tsara gari na musamman domin yankin da aka shata, aka kuma kafa ofishin kula da tsohon garin, wanda ake kira CECOGAZ. Ta fuskar al'ada kuma akwai masarauta da masu unguwanni, waɗanda UNESCO kanta ta ambata a matsayin ginshiƙin kare garin. Saboda haka wanda zai ce maka “tsaya” ɗan garinku ne.

Irin wannan tsari ba Agadas aka fara yi wa ba. Birnin Charleston na Amurka ya kafa nasa tun 1931, da kwamitin da ke duba zanen duk wanda zai canza abin da ake hange daga titi a tsohuwar unguwa. Faransa ta yi dokar unguwannin da aka keɓe a 1962, Ingila ta bi a 1967, Zanzibar kuma tana da hukuma guda domin tsohon garinta na dutse. Ni dai abin da nake yawan tuna wa mutane shi ne ba mu buƙatar zuwa can kafin mu gane manufar. Fiƙihun Malikiyya cike yake da hukunce-hukuncen gini da aka ɗora a kan hadisin “la darara wa la dirar” (ba cuta, ba cutarwa): ba ka buɗe taga ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, ba ka juya indararo ya zuba a bangonsa, ba ka ci hanya da gininka, ba ka kafa abin da hayaƙinsa ko girgizarsa za su cutar da na kusa. Wani babban magini na Tunis, Ibn al-Rami, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce tun ƙarni na 14. A garuruwanmu kuma mai unguwa da sarkin magina ne suke zuwa su tsaya a kan bango idan rigima ta tashi. Abin da dokar yau ta ƙara shi ne ta ɗauki kamannin gari a matsayin haƙƙin jama'a, kamar yadda hanya take haƙƙin jama'a. Za ka iya yarda da wannan ƙari ko ka ƙi, amma tushen maganar, cewa mallakar gida ba ta nufin yin duk abin da ka ga dama da shi, tsohon abu ne a wajenmu.

Me masu duba zane suke kallo?

Duk inda na ga ana wannan aiki, idon masu dubawa yana kan abubuwa kusan iri ɗaya. Da farko rushewa, domin ita ce ba a gyara ta. Sai layin hanya: kada bango ya matso ya ci lungu, kada kuma ya ja baya ya bar gurbi. Sai tsayi idan aka gwada da na maƙwabta. Sai kayan gini da launi, da girman ƙofofi da tagogi, da rufi. A Agadas, lokacin da aka shigar da garin cikin jerin UNESCO, an ambaci abubuwan da ke ɓata shi ƙarara: gine-ginen bulo, rufin kwano, yaɓen siminti, ƙofofi da tagogi na zamani, wayoyin lantarki da suka yi saƙa a sama, da manyan tallace-tallace masu ƙyalli da ake zanawa a bango. Ka ga kenan idan ka kai zanen bulo da siminti mai shaguna, ka kai musu ainihin abin da aka kafa su domin su tsayar.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne yawanci cikin gida yana da sauƙi ƙwarai a kan waje. Ban-ɗaki na zamani, famfo, lantarki, daɓen siminti ko tayil a ƙasan ɗaki, fanka, har na'urar sanyaya ɗaki idan an ɓoye ta daga hanya, duk waɗannan ba su canza fuskar unguwa. Sai fa idan gidan yana cikin fitattun gidajen da aka ƙididdige saboda adon cikinsu, irin Gidan Sidi Ka da baƙi ke zuwa gani. A irin wannan cikin ma ana kula da shi. Don haka tambayar farko da za ka yi a ofis ita ce matsayin gidanku: fitacce ne, ko gida ne na yau da kullum a cikin yankin da aka shata? Amsar za ta faɗa maka faɗin filin da kake da shi.

Akwai kuma bambanci tsakanin gyara da canji. Sabunta yaɓe da ƙasa, toshe tsaga, canza itacen rufi da ya ruɓe da irinsa, gyara indararo, wannan shi ne abin da ake roƙon mutane su yi. Canji shi ne sabuwar ƙofa, sabon hawa, sabon kayan gini. A nan ake buƙatar zane da izini.

Batun siminti

A nan zan ɗan daɗe, domin ko babu wata doka ba zan ba ka shawarar abin da mafi yawan mutane suke yi ba, wato shafe bangon ƙasa da siminti.

Bangon ƙasa yana shan laima yana kuma fitar da ita. Ruwa ya taɓa shi, rana ta fito, ya bushe. Laimar da ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa ma tana hawa ta gindinsa ta fice ta jikinsa. Siminti kuwa ba ya barin ta fita, kuma ba ya motsi tare da ƙasa idan zafi da sanyi suka sauya. Shi ya sa ba ya daɗewa sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Kamar mutum ne ya sa rigar leda a watan Mayu: daga waje a bushe yake, a ciki kuwa jiƙe sharkaf.

In kana son ka gani da idonka, ka zaga unguwarku ka sami bangon da aka yi wa wannan aiki shekaru kaɗan da suka wuce. Ka ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa kusa da ƙasa. Za ka ji yana amsawa kamar ganga, alamar simintin ya rabu da bango. Inda ya ɓalle ka sa hannu: ƙasar da ke baya ta yi laushi, tana zubowa kamar gari, wani lokaci da farin gishiri-gishiri a kanta, sau da yawa har da hanyar gara. Bangon da ya yi kaurin kamu biyu a sama za ka tarar gindinsa ya zaizaye ya koma rabi, kuma mai gida bai sani ba domin siminti ya rufe masa ido. Yaɓen ƙasa idan ya lalace kowa yana gani, a kira magini. Na siminti ba ya faɗa maka komai sai ranar da bangon ya kwanta.

Ka ce ruwa ya cinye gindin bangon gabas. Gabas ce kuwa ta fi shan duka, domin daga can hadari yake tasowa da iska. Amma kafin ka ɗora wa ƙasa laifi ka duba wasu abubuwa. Shin hanya ta fi daɓen gidan tudu yanzu? A tsofaffin unguwanni lungu yana hawa a hankali saboda ƙasa da shara da ciko, har ruwa ya riƙa kwanciya a jikin bango. Shin indararon ya karye ko ya gajarta, yana zuba a gindin bango maimakon ya harba nesa? Shin akwai ruwan wanka ko na wanki da ke fita ta rariya ya tsaya a wurin? Gidajen nan an gina su a zamanin da ruwa sai an ɗebo da tulu. Yau famfo ya shigo, ruwan da gida ke zubarwa ya ninka, magudana kuwa ba ta ƙaru ba. A gidajen da na duba, wannan ya fi ruwan sama kashe bango. Idan ba a magance shi ba, bulon ma zai sha laima, fentinsa ya kumbura, rodin cikinsa ya yi tsatsa.

Ba na raina ruwan sama. Agadas ba ta samun ruwa mai yawa a shekara, amma yana iya saukowa gaba ɗaya cikin sa'o'i kaɗan a Yuli ko Agusta. Damina ta 2024 ta nuna wa kowa ƙarfinsa, lokacin da tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe. Tsoron da ke sa mutane gudu zuwa bulo tsoro ne na gaskiya. Sai dai maganinsa a gindin bango da saman soro yake: a tono ruɓaɓɓen wuri kaɗan-kaɗan a cike da dutse da sabon tubali, a yi wa bango dakali mai gangara da zai kori ruwa, a gyara gangaren rufi, a sa indararo dogo mai faɗi. Inda sabon bango ne, a ɗora shi a kan harsashin dutse da ya ɗaga sama da hanya. Yaɓe kuma a yi shi da ƙasa mai kyau da aka jiƙa da ciyawa ta kwana, ko a haɗa da farar ƙasa. A ƙasar Hausa magabata suna da makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina; kowane gari da nasa haɗin, kuma tsofaffin maginan Agadas sun fi ni sanin ramin da ƙasarsa take riƙewa.

Sannan ka yi lissafin zafi. A garin da zafi ke wuce digiri 40, bango mai kauri na ƙasa yana riƙe zafin rana ba ya sakinsa ciki sai dare ya yi. Bulo mai rami na santimita 15 da kwano a sama kuwa, kafin azahar ɗaki ya zama tanda, sai ka koma biyan kuɗin lantarki. Ɗan haya ma ya san wannan.

Shaguna da bene

Shago a jikin tsohon gida ba baƙon abu ba ne a garin da ayari ya gina. Abin da ke jawo ƙi shi ne yadda ake fitar da shi: a fasa bango gaba ɗaya, a zuba kankare a sama, a sa ƙofar ƙarfe mai naɗewa, a shafe sauran da fentin kamfanin waya. Na taɓa aiki a wani gida a wata tsohuwar unguwa inda mai shi ya zo da irin wannan buƙata. Ɗakin da ke kusa da zaure muka mayar shago. Muka buɗe ƙofa ɗaya mai faɗin da mutum zai shiga da buhu, muka ɗora mata itace mai ƙarfi a sama, muka sa ƙyaure mai ganye biyu, ƙarfe a ciki saboda ɓarayi, katako a waje. Sunan shagon a ƙaramin allo aka rubuta aka rataye. Dakalin ƙofar gida bai motsa ba, tsofaffin unguwa suka ci gaba da zama a kai, kuma su ne suka zama masu gadin shagon ba da albashi ba. Irin wannan zane yana da wuya a ƙi shi. Idan ɓangaren bakin hanya na gidanku yana da tsawo, shaguna biyu ma suna iya fita, muddin an bar bango mai kauri a tsakaninsu.

Bene ya fi wuya. Akwai tsofaffin gidaje masu hawa a Agadas, don haka hawa kansa ba bidi'a ba ne. Matsalar bene na kankare a bakin hanya ita ce yana tsere wa maƙwabta, yana tare hangen hasumiya, tagoginsa kuma suna kallon tsakar gidajen mutane inda mata suke harkokinsu. Wannan na ƙarshe ko a gaban alƙali ba za ka ci ba. Kuma ba a ɗora zubin kankare a kan tsohon bangon ƙasa. Nauyinsa da taurinsa ba sa tafiya da shi. Idan ƙarin ɗaki kake so, ka fara duba tsakar gida ko akwai wurin ɗaki a ƙasa. In babu, a nemi ƙaramin ɗaki a sama da ƙasa da itace, a ja shi baya daga hanya, tagoginsa su kalli cikin gidanku, bayan magini ya tabbatar bangon ƙasa zai ɗauka. Itacen goriba da aka saba rufi da shi ya yi tsada ya yi wuya, wannan gaskiya ne. Tun shekarun 1980 ake koyar da gini marar katako a Nijar, mai rufin ƙubba da tubali zalla, kuma akwai maginan da suka iya shi. Sai dai siffarsa ta bambanta da shimfiɗaɗɗen soron tsohon gari, don haka sai an tambaya, kuma sai an ɗaga rawanin bango ya ɓoye shi.

Inda nake ganin mai gida yana da gaskiya

Ba zan ɓoye maka ra'ayina ba: irin waɗannan dokoki suna da saurin zama zalunci idan ba a kula ba. Duniya ce take alfahari da gari, amma kuɗin yaɓe daga aljihun mai gida yake fita, shekara bayan shekara. Baƙin da ake cewa za su kawo kuɗi sun ja baya tun da tsaro ya taɓarɓare a yankin. A Jenne ta ƙasar Mali, wadda aka shigar cikin jerin UNESCO tun 1988, mazauna sun daɗe suna kukan cewa an hana su gyara gidajensu yadda rayuwar yau take buƙata. Dokar da ta iya cewa “a'a” kawai, ba ta kawo magini, ba ta kawo itace, ba ta gyara magudana, ƙarshenta mutane su bar gida ya faɗi da kansa domin su samu hujjar tayar da bulo, ko su yi aikinsu da dare. Wani abin da ke kashe ta kuma shi ne a hana talaka a ƙyale mai ƙarfi. Da zarar mutane sun ga bene ɗaya ya tashi ba a ce komai ba, magana ta ƙare.

Saboda haka kai ma kana da abin da za ka nema. Ka nemi a nuna maka ƙa'idar a rubuce. Idan an ƙi zanenka, a faɗa maka dalili a rubuce, da abin da za ka canza a karɓa. Ka tambaya ko akwai wani tallafi ko shirin gyaran gidaje da ke gudana, domin akan samu lokaci-lokaci, kuma wanda ya yi rajistar gidansa ne ake tunawa da shi.

Game da barazanar da ake yi cewa “UNESCO za ta ƙwace”, iyakar abin da take iya yi shi ne ta sa wuri cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, kamar yadda aka yi wa Jenne a 2016, ko ta cire shi gaba ɗaya. An cire Dresden ta Jamus a 2009 saboda wata babbar gada, an cire Liverpool a 2021 saboda manyan gine-ginen bakin ruwa. Gida ɗaya ba ya jawo wannan, amma gida ɗaya-ɗaya ne suke taruwa. Wanda zai iya tsayar maka da aiki ko ya sa ka rushe abin da ka gina ba da izini ba, hukumar gari ce.

Yadda zan bi da a ce ni ne

Kafin ofis, gida. Kai babba ne amma ba kai kaɗai ne mai shi ba. Ka tara magada, mata da maza, ku amince a rubuce kan abin da za a yi da wanda zai yi magana da sunan kowa, da yadda za a raba kuɗin hayar shagunan. Gidajen gado da yawa ba ruwa ne ya kashe su ba, rashin wanda zai ce “nawa ne in gyara” ne. Idan kuma ana maganar raba gidan, ku yi tunani sosai, domin kowane kaso zai nemi ƙofarsa a bakin hanya da ban-ɗakinsa, kuma wannan ma canji ne da sai an duba.

Daga nan ka gaida mai unguwa ka faɗa masa niyyarka, ka kuma sanar da maƙwabtan da kuke haɗa bango. Ka sami tsohon magini ya zaga gidan tare da kai. Ka ɗauki hotuna: fuskar gida daga ɓangarori biyu na lungu yadda gidajen maƙwabta za su fito, gindin bangon da ya lalace, cikin soron da ke yoyo. Sai ka je CECOGAZ da ma'aikatar magajin gari da waɗannan hotuna da takardun gida, tun kafin ka biya kowa kuɗin zane, balle ka sauke bulo a ƙofar gida. Wanda ya zo yana tambaya “me zan iya yi?” ba a karɓarsa kamar wanda aka tarar ya riga ya fasa bango. Bayan ka ji iyakokin, sai a yi zane mai nuna yadda gidan yake yanzu da yadda zai koma, da kayan da za a yi amfani da su. Duk abin da aka amince da shi ka karɓe shi a takarda mai hatimi. “Je ka yi” ta baki ba ta kare kowa idan aka canza ma'aikaci.

Ni daga nesa nake magana, ban ga bangon ba. Idan ya riga ya karkata, ko tsagar ta ratsa shi daga sama har ƙasa, mai yiwuwa sai an sauke wannan ɓangaren an sake tayar da shi, kuma wannan hukunci ne na wanda ya tsaya a gabansa ya taɓa. Ko a hakan, sake gina shi da ƙasa a kan layinsa da tsayinsa na da, bisa harsashin dutse, shi ne abin da ya fi saurin samun izini. Sharuɗɗan izini da kuɗinsa kuma a bakin ofishin za ka ji su, su ne masu maganar ƙarshe.

Abu ɗaya ne ba zai jira takarda ba, shi ne soron da ke yoyo. Ka aika a hau a share shi, a toshe tsagogin da ƙasa, a buɗe indararo, a tokare itacen da ya yi rauni daga ciki, a kuma kawar da duk abin da ke tara ruwa a gindin bangon gabas. Ka sanar da mai unguwa cewa gyaran gaggawa ne, kuma a gama shi kafin watan Yuni ya fita.